Kututturan Layi Na Huɗu

Shafi na 19

Masu cika min akwatin saƙo da faɗa don na yi shiru kwana huɗu, na gani, na kuma yafe. Wayata ce ta faɗa ruwan wankin kifi, sai da ta kwana biyu cikin buhun shinkafa kafin ta farfaɗo. Wadda ta ce in ban rubuta ba za ta biyo ni har Yelwa, ki zo, amma ki taho da itacen banda.

Sababbin shiga, ga inda muka kwana. Garinmu aka ba karɓar Gasar Wasannin Ruwa ta Ƙasa. Sau uku ana ɗage ta saboda rumfar 'yan kallo ba ta ƙare ba. Yau tawagar masu tantancewa ta iso, za a yi tseren gwaji na jiragen inji a gabansu. In sun gamsu su sa hannu, in ba su gamsu ba a kai gasar wata jiha. Kwana arba'in ke nan da Daniel, ɗan Hannah, ya mutu wurin atisaye a kan ruwa, aka ce burkutu ya sha. Hannah kuwa rumfar banda ɗaya suke da Habsatu, ƙanwar Alhaji Mainasara shugaban kwamitin bakin ruwa.

*

Hantsi ya dubi ludayi, Habsatu na juya tarwaɗa a kan banda, sai inuwar mutum ta tare mata haske.

Philip ne, mai injin yankan itace, mutumin kan tudu da suke coci ɗaya da Hannah. Rigarsa jiƙe take har ƙirji. A hannunsa wata tsohuwar jarka ce ruwan ɗorawa, rana ta cinye launinta.

"Innar Sahabi, ina kwana."

"Lahiya lau, Philip. In Hannah kake nema, ta tai gida ta sake zane."

"Na ga fitarta. Shi ya sa na shigo."

Habsatu ta ɗago kai ta dube shi da kyau. Idonsa ja. Ya ajiye jarkar a gabanta.

Ta jawo ta ta duba. A wuyan jarkar akwai zane uku da aka ƙona da ƙusa mai zafi. Alamar Sallau ce, mijinta marigayi.

Ku da ba mutanen ruwa ba, bari in gaya muku. Tun da dam ya cinye tsofaffin garuruwa, itatuwansu na nan tsaye a cikin tafki, musamman ƙirya, wadda ruwa ba ya ruɓar da ita. Duk masuncin da ya ci karo da kututture, wajibi ne ya ɗaure masa jarka a ka, don na bayansa ya gani ya kauce. Ba doka ba ce ta takarda, amma ko ɓarawon taru ba ya kwance jarkar wani. Da jarkokin nan ake koyon hanya a kan ruwa.

"Wagga ta kan babbar ƙirya ce, ta tsohuwar kasuwa," in ji Habsatu. "Ina ka same ta?"

"Ni na kwance ta."

"To ai an tumɓuke su duka. Kwamiti ya yi shela, har da hotuna."

"Ba a tumɓuke ko ɗaya ba."

Kifin da ke hannunta ya faɗa cikin toka. Ba ta ɗauka ba.

"Zauna ka yi min bayani."

Bai zauna ba. Tsugunnawa ya yi.

"Bara, da ruwa ya yi ƙasa, Alhaji ya kira ni. Ya ce injin tumɓuka da anka yi mishi alkawari bai zo ba, ga baƙi za su zo ɗaukar hoto. Ya ce in sare kawunansu daidai ruwa, in kwashe jarkokin, suna ɓata ma tafki gani. Ya ce cikin sanyi za a yi gasa, lokacin ruwa ya cika, kututture zai kasance ƙasa da gaba biyu, ba jirgin da zai taɓa shi."

"Kai kuma ka yarda."

"Gaskiya ya faɗa, Inna. Da an yi ta cikin sanyi, da ba abin da zai faru. Sai anka ɗaga. Anka sake ɗagawa. Ruwa kuwa bai jiran kwamiti, kullum ja yake yi."

Habsatu ta juya ta dubi tafkin. Ga jajayen ƙwallayen roba an jera sun raba ruwan layi shida, sumul, ko kara babu. Wata takwas ke nan an hana kamun kifi a wajen, balle tarun wani ya kama abu ya tona.

"Yanzu ina ruwan ya kai?"

"Da gari ya waye na shiga na auna da hannuna. Yatsa huɗu ya rage kawunansu su fito."

"Innalillahi."

"Kuma yankan gona na yi musu, a karkace, don su faɗi nesa da jirgina. Kowane yana da tsini."

"Guda nawa?"

"Bakwai. Huɗu na gefe, wajen ƙwallaye. Uku na tsakiyar layi na huɗu."

Habsatu ta miƙe tsaye. Jiya da yamma ɗanta ya shigo yana washe baki, yana cewa an ba shi layi na huɗu, na tsakiya, inda manyan baƙi za su fi ganinsa. Sahabi ɗan fari ne, kuma shi kaɗai ya rage mata cikin biyar. Shekara ashirin da shida ba ta taɓa kama sunansa ba saboda alkunya, sai dai ta ce wancan yaron.

Ta juyo ta fuskance shi.

"Philip. Daniel a wane layi ya kife?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ina tambayarka."

"Na huɗu."

"Anka ce maye ne."

"Ina tsaye anka ce. Ni na kama ƙafarsa munka sa shi a jirgi. Na ga inda katakon jirginsa ya tsage, na ga ƙirjinsa. Daniel mai waƙa ne a coci, bai san ɗanɗanon burkutu ba. Na ji da kunnena, na yi shiru."

Wallahi ni mai rubutu, da ni ce a wurin, da muciya zan ɗauka. Amma Habsatu ba ta ko ɗaga murya ba.

"Kwana arba'in matar nan ba ta iya ɗaga ido a kasuwa. Kwana arba'in ana nuna ta, ana cewa uwar mashayi. Kana kallonta kowace Lahadi."

"Ban iya cin abinci, Inna."

"Don mi ba ka gaya mata ba?"

"Da wane ido?"

"Ni fa, don mi?"

"Ke ce ƙanwarsa, ke za ki shiga inda ni ban shiga. In na buɗe baki ni za a ɗaure, hannuna ne ya riƙe inji. 'Ya'ya biyar gare ni a tudu."

Ya miƙe, ya goge ido da jiƙaƙƙiyar rigarsa. Ashe tun ɗazu ɗan kabu-kabu na jiransa a bayan rumfa. Kafin Habsatu ta ce wani abu ya haye, sun kama hanyar barin gari.

*

Ta rufe bandar da buhu, ta yafa mayafi, ta ɗauki jarkar.

Yelwa kuwa ta yi kwalliya kamar ba ita ba. Hanyar bakin ruwa da ke cinye tayar babur ta sha kwalta. Ga fitilun sola jere. Ga sababbin rumfuna an shafe su kore da fari, mata sun baje warangi, 'yan mitsi-mitsin kifin nan, da soyayyen giwan ruwa. Ɗakin sanyin kifi da aka shekara goma ana alkawari na nan yana gunji, yanzu kifi ba ya ruɓa a hannun mai shi. Masu gidajen kwana sun kori gizo-gizo daga ɗakuna. Har matan Shanga da na Ngaski sun zo da shinkafa da tabarmi, wai tun kafin baƙi su cika.

"Inna Habsatu, yau dai kakarmu ta yanke saƙa," in ji wata mai fura.

Ta ɗaga mata hannu kawai ta wuce.

Ofishin kwamiti wata kwantena ce a bayan rumfar 'yan kallo. Ta tarar da Alhaji Mainasara cikin farar shadda, waya biyu a hannu, mutane na shiga da fita. Yana ganin abin da ta riƙo ya daina magana.

"Ku ba mu wuri," ya ce da mutanensa.

Da ƙofa ta rufe ta ajiye jarkar a kan teburinsa, a kan takardu.

"Yaya, ka san ta?"

"Habsatu, yau ba ranar wasa ba ce. Baƙi na can suna karin kumallo, sha ɗaya za a fara."

"Ka san ta?"

Ya daɗe yana kallon zanen nan uku.

"Philip ya zo gare ki."

"Ya zo."

"Matsoraci. Ina yake?"

"Ya tai. Ni ce ban tai ba."

Ya zauna, ya cire hula ya ajiye. A lokacin ta lura yadda ya rame, wuyan rigar har ya yi masa yawa.

"Mi kike so in yi?"

"Ka fita ka gaya musu akwai itace a ruwa."

"Sai kuma mi?"

"Sai a bar layin."

"Layi shida anka sharɗanta. In sun ga biyar, kafin la'asar sun hau mota. Akwai jihar da ke jira, tafkinsu a share, rumfarsu a gine. Ba za su ko waiwayo ba."

"To a matsar da ƙwallayen gaba."

"Taswira sunka sa ma hannu, da awo. Rumfa an gina ta tana kallon wajen. Ba a fafe gora ranar tafiya, Habsatu. Su sa hannu yau kawai. Gasar sai nan da mako uku. Gobe-goben nan in kawo masu nutso da sarƙa a cire su ɗaya bayan ɗaya, na rantse miki."

"Kwana arba'in kana ina ba ka kawo su ba?"

"In anka ga masu nutso a wurin da na ce an share, mi zan ce ma mutane?"

"Sai ka ce Daniel mashayi ne. Ka iya wannan ai."

Ya zabura kamar ta watsa masa garwashi.

"Ba ni na fara faɗi ba."

"Amma kai ka bari ta zauna."

Daga waje ana jin makaɗa na gwada ganguna.

Ya taso ya ja labulen taga.

"Zo ki duba. Kin ga samarin can masu rigar kwamiti? Su sittin da uku ne. Kin san daga ina na kwaso su? Daga ramin zinare. Kin ga mai ɗaure tuta? Kabu-kabu zai saya in an gama. Wancan aure zai yi. In gasar nan ta tai, ramin za su koma, don ba wani abu a garin nan da zai riƙe su."

"Yaya..."

"Bari in ƙare. Kwana uku munka yi muna tonon Jalaluddeen. Kina wurin. Ke kika riƙe uwarsa. Da hannuna na share ƙasa daga bakin ɗana. Ranar na yi alkawari sai na kawo ma garin nan abin da zai hana yaranmu shiga rami. Shekara huɗu ina yawo ofis-ofis, ana min dariya, ana cewa Yauri ina, gasar ƙasa ina. Yau ga ta a bakin ƙofa, ki ce in kore ta da bakina?"

Hawaye ya zubo wa Habsatu. Jalaluddeen a bayanta ya girma, tana sonsa kamar ita ta haife shi. Kuma abin da ke da ciwo, yayan nata ba ƙarya yake yi ba.

"Allah ya ji ƙansa," ta ce. "Amma rami Allah ya rufta shi. Wanga kai ka feƙe shi da kanka."

"Kuskure ne."

"Na farko kuskure ne. Na yau mi ne sunansa?"

Ya mai da ido kan taga.

"Sallau ya ɗaure jarkar ga ranar da ya fasa jirginsa. Ya dawo gida da iyo, bai ko ci tuwo ba ya koma ya ɗaure ta, don kada wani ya faɗa. Kai ma masunci ne kafin ka zama Alhaji. Ubanmu da zai ji ka kwance jarka, da bai yarda daga gidansa ka fito ba."

"Kar ki sako Baba a ciki."

"Na sako shi."

"To ki fita ki faɗa." Muryarsa ta yi sanyi. "Ga ƙofa. Ni gidan yari za ni, ban damu ba. Amma ki sani, matan da sunka sayar da awakinsu sunka kama rumfa, ba ni za su tsine ma ba, ke ce. Mai fura, mai masauki, mai kabu-kabu, duk za su ce Habsatu ta zubar musu da abinci ana gab da kai loma. Rumfarki ba za ta kwana ba. Ciki ba don tuwo kaɗai anka yi shi ba."

"Ruwa yatsa huɗu ya rage, Yaya."

"Jirgi in ya ɗau gudu tashi yake yi sama. Mai yiwuwa ya wuce."

"Mai yiwuwa."

"Rai na hannun Allah."

Nan ta kasa. Ta dafa tebur da hannu biyu.

"Sahabi ne a layin."

Alhaji Mainasara ya juyo da sauri. Tun da aka haifi yaron bai taɓa jin sunan a bakinta ba. Ita ma sai da ta ji abin ya yi mata nauyi a harshe.

"Sahabi ne, Yaya. Sahabina. Shi kaɗai gare ni."

Ya jawo takardar jerin sunaye, ya bi da yatsa. Fuskarsa ta canza. Ashe bai ma duba ba, ko kuma ya ƙi dubawa, Allah ne masani.

Ya ɗauki biro. Ya ja layi biyu, ya yi rubutu.

"Na mai da shi layi na ɗaya. Kusa da gaɓa, ruwa mai tsabta, ko ciyawa babu."

"Na huɗun fa?"

"Musanya ce. Na ɗaya ya koma can."

"Shi ba ɗan mutum ba ne?"

"Zan ja shi gefe in ce ya bi a hankali, ya riƙe hannun dama. Gwaji ne, ba kofi za a ba shi ba."

Habsatu ta san ƙarya ce. Wane matashi ne zai bi a hankali a gaban baƙin Abuja da ganguna da 'yan mata? Kuma hannun daman ma akwai itace. Ta sani sarai. Amma wani sanyi ya sauka a ƙirjinta, kuma ta ji kunyar sanyin.

"Ki koma rumfarki," ya ce a hankali. "Awa biyu kawai nake roƙonki. Gobe ki zo ki tsaya a kaina har a cire na ƙarshe."

Ta ɗauki jarkar ta juya.

Masu karatu, kar ku yi saurin zaginta. So duk so ne, amma son kai ya fi, kuma wanda bai haihu ɗaya tal ba ya yi shiru. Abu ɗaya ne ni ma ya tsaya min a rai. Ta fita ofishin nan ba ta tambayi wane ne a layi na ɗaya ba.

*

Ta tarar da kifinta na ƙasa ya ƙone. Ta zauna a kan turmi ta tura jarkar ƙarƙashin benci.

Sai ga Sahabi ya shigo da rigar ruwa a kafaɗa, ransa a ɓace.

"Inna, kin ji abin da Kawu ya yi min? Wai ni ne a na ɗaya, can gefe, inda ko hoto ba za a ɗauke ni ba."

"Ka bi abin da anka ce."

"Wata uku ina shiri..."

"Na ce ka bi."

Ya dube ta, ya ga idonta. Sai ya durƙusa.

"Ki sa min albarka to."

Ta ɗora hannu a kansa, ta daɗe ba ta ɗauke ba, har ya yi dariya ya ce za a tafi a bar shi. Tana kallonsa ya gangara bakin ruwa.

Jama'a ta cika maƙil. Lasifika na ta zuba kirari, ana lissafo alherin da gasa za ta kawo, baƙi dubu nawa, ayyuka nawa. Shugabar tawagar, wata doguwar mace mai gilashi, ta ƙi zama a rumfa. Ta sauko bakin gaɓa da takarda a hannu, ta tsaya bai fi taku goma daga rumfar Habsatu ba.

"Habsatu."

Hannah ce. Ta ɗaura zanenta na zuwa coci, ta yi ɗaurin kallabi mai tsayi. Kuma murmushi take yi. Rabon da a ga haƙoranta tun ranar da aka kawo gawar Daniel.

Kafin Habsatu ta miƙe, Hannah ta rungume ta.

"Allah ya saka miki. Allah ya raya miki ɗanki."

"Mi na yi?"

"Kar ki ɓoye min, an ga shigarki ofis. Mako biyu Benjamin na roƙon kwamiti su ba shi layin yayansa, sunka hana. Kina fita anka kira shi anka ce an yi musanya."

Habsatu ta zame daga rungumar.

Benjamin ƙanen Daniel ne. Su biyu Hannah ta haifa.

"Benjamin ne a na ɗaya?"

"Da. Yanzu shina na huɗu." Hannah ta share ƙwalla tana dariya. "Ya ce min, Mama, yau zan bi inda Daniel ya bi, da idona garau, in ga mai sake cewa gidanmu gidan mashaya ne. Ya ce ba zai sassauta ma inji ba ko kaɗan. Ni da na ce ba zan ƙara kallon ruwan nan ba, ga ni na zo."

"Alhaji bai ce mishi komai ba?"

"Ya dafa kafaɗarsa ya ce Allah ya ba da sa'a. Mutumin kirki ne yayanki."

Habsatu ta kau da ido daga kan Hannah. Shekara goma sha ɗaya suna banda ɗaya da matar nan. Ranar da Sallau ya rasu, Hannah ce ta kwana bakwai tana dafa wa masu zaman makoki abinci. In azumi ya zo Hannah ke tsare wuta da rana, in Lahadi ta zo Habsatu ke sayar da kifin Hannah.

"Zo mu matsa gaba," Hannah ta ja hannunta. "Ga su can. Kin ga naki a gefe. Ga nawa a tsakiya, mai jar hula. Hular Daniel ce."

Jirage shida sun jeru. Aka ja igiyoyin inji, ƙara ta cika bakin ruwa, hayaƙi ya tashi. Benjamin ya ɗago hular yana kaɗa wa uwarsa.

Habsatu ta ɗaga ido sama. Alhaji Mainasara na tsaye a bakin rumfar manya, ba ruwan yake kallo ba, ita yake kallo. Ya girgiza mata kai sau ɗaya.

Ta dubi mai fura tana rawa da ludayi. Ta dubi samarin nan masu rigar kwamiti sun riƙe igiya suna tare jama'a. Ta dubi mace mai gilashi, taku goma. Ta dubi Sahabi, lafiya lau a ruwa mai tsabta.

In ta yi shiru, nata ya tsira.

Mai tutar fara tsere ya hau kan dakali. Ya ɗaga jar tuta sama.

"Hannunki ya yi sanyi," in ji Hannah. "Ba ki da lahiya ne?"

Habsatu ba ta san lokacin da ta jawo jarkar daga ƙarƙashin benci ba. Tana hannunta na hagu. Da na dama ta damƙe wuyan hannun Hannah har sai da ta yi ƙara.

"Hannah."

"Mi ne ne?"

"Ba giya ce ta kashe Daniel ba."

Murmushin ya tsaya a fuskar Hannah. Ta dubi Habsatu, ta dubi jarkar, ta juya a hankali ta dubi layi na huɗu.

Mai tuta ya saki hannu, tutar ta yi ƙasa.